Gwiwar Inna da garin mai lasifika

Da hunturun bara ya kama, Inna ta daina iya zaman tahiya. Sai ta miƙe ƙafar dama a kan tabarma, in za ta tashi ta dafa bango, gwiwar na ƙara kamar an taka busasshen kara. "Sanyin ƙashi ne, Auta," ta ce, "ka samo mini sassaƙe."

Ran Alhamis a kasuwar Maigatari na tarar da mai magani da lasifika a kan mota, ga gari ƙulli-ƙulli a leda, wai itace ne zalla. Kwana biyu da fara zubawa a koko, Inna ta tafi gidan suna da ƙafarta. Albarka kam na sa wa mutumin nan. Bayan wata guda fuskarta ta cika ta yi kamar faifai, mata na cewa hutu ya karɓe ta. Ga ƙishirwa, ga fitsarin dare. A asibiti aka auna, sukari ya hau. Likitan ya juya ƙullin a hannunsa, ya ce alamun dezametason yake gani, ƙwayar da ake dakawa a cakuɗa da garin itace. Ya hana mu yankewa rana ɗaya, domin jikin da ya saba da ita yana iya zubewa, sai ya rubuta wadda aka san awonta, ana ragewa sannu a hankali. Hoton ƙashi kuma ya nuna guringuntsin gwiwar ya cinye. "Hajiya, wannan ba ya sake tsirowa. Zafin za mu rage."

Daga nan na ce abin da za ta sha, sai wanda na daka da hannuna. Na tambayi likitan batun kurkum da citta. Ya fara bincikar ko tana shan maganin tsinka jini, ko tana da tsakuwa a matsarmama, tunda babu, ya ce a gwada daidai na abinci. Sinadarin da ke rage kumburi a kurkum bai wuce kamar kashi 3 cikin 100 na garin ba, ba ya narkewa a ruwa, hanji kuma ba ya zuƙarsa sosai sai da maiƙo da ɗan masoro. Shi ya sa nake zuba rabin ƙaramin cokali a kunun gyaɗa, ba a ruwan zafi ba. Cittar ce ta ci mini aljihu, don tun da cuta ta faɗa wa gonakin su Kachiya a 2023 ta yi tsada.

Mako uku ba mu ga komai ba, Inna har ta fara zolayata da "boka". A na huɗu ta ce sandarewar asuba ta ragu. Iyakar abin ke nan.

Na shafawa ya fi saurin aiki. Na narka man kaɗanya a wuta kaɗan, na zuba garin barkono, na tace da tsumma. Yajin yana dakusar da jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, amma sai an jure kwanaki ana shafawa. Abin da na manta ban faɗa mata ba shi ne wanke hannu da sabulu. Ta shafa, ta ɗauki buta, ta kai ruwa fuska. Ihun da ta yi ranar har maƙwabta suka leƙo ta kan katanga, ni kuwa na sha "ɗan nema" har magariba. Yanzu ni nake shafa mata, hannuna cikin leda.

Wani dattijo ya kawo mana ɓawon hano, ya ce a tafasa. Akwai ɗan'uwan hano a Indiya da aka gwada a kan ciwon gwiwa, amma a can awo ake yi, ni kuwa tukunya ce kawai gare ni. Na yi godiya na ajiye.

Har yau a kan kujera Inna take salla, amma tana zuwa bakin rijiya da sandarta. Alhamis ɗin da ta wuce na sake ganin motar nan, tsofaffi sun yi mata layi. Masoro aka aike ni, shi na sayo.