Ranar da na koma wa garkuwa

Juma'a, Jidda, bayan isha'i.

Yau na kashe Morgott, babban abokin gaba (bos) da ke gadin birnin Leyndell a wasan bidiyo na Elden Ring. Bari in fara rubuta wannan tukuna, don tun daren Litinin nake kwana da shi a raina, in tashi da shi.

Da asuba ruɗubar garin nan ta sauko, irin wadda kana fitowa daga masallaci riga ta manne maka a baya. Na biya wurin mai ful na sayo tamis biyu, na dawo ɗaki na haɗa shayi. Juma'a ce kaɗai ranar da ba na hawa saman gidajen mutane gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, don haka ina gama karyawa na kunna Soni, na'urar wasana. Sau bakwai na hau matakalar nan ta fadar Leyndell, sau bakwai ya kwantar da ni. Da na haɗa da na sauran darare, faɗuwa 31 ke nan. Na ajiye hannun wasan na tafi wankan Juma'a raina a jagule.

Elden Ring kamfanin FromSoftware na Japan ne ya fitar da shi a Fabrairun 2022, amma ni sai bana na sayi faifan a hannun wani abokin aiki. Abin da ya kama ni a cikinsa shi ne kai kake ƙera mutuminka da hannunka. Duk matakin da ka hau maki ɗaya ake ba ka, ka zuba shi a ɗaya daga cikin gurabe takwas: rai, hankali, juriya, ƙarfi, zafin nama, basira, imani irin nasu na cikin wasa, da asiri. Na fara da Vagabond, jarumin da ke zuwa da takobi da garkuwa a mataki na 9, kuma da garkuwar na ci farkon wasan lafiya lau. Daga baya ne kallon bidiyon mutane ya ɗauke min hankali. Na ga wani yana sara da takobin Moonveil haske na fita, na kai basira 23 don in riƙe ta. Na ga wani yana warkar da kansa da addu'o'in wasan, na zuba imani 18. Asiri ma na taɓa shi don an ce yana taimakon zubar jini. Da na kai mataki na 80 sai ga mutum da ke iya ɗaukar kusan kowane makami, amma babu wanda yake sara da shi ya ji a jiki.

Bayan sallah na wuce gidan Yaya kamar kullum. Ta yi shinkafa da kaza, ga yajin da aka aiko mata daga Kano. Ɗanta na biyu, mai shekara 15, a nan aka haife shi, Hausarsa rabi Larabci ce, kuma ya gama wasan nan sau biyu. Ina ba shi labari yana cin abinci bai ce komai ba, sai da ya wanke hannu ya ce, "Kawu, nawa ne ranka?" Na ce 25. Ya dafe kai. "Wallahi ya khali, da rai 25 ake shiga Leyndell?" Yaya ta ce in dai zan dawo mata da shi kafin dare, in tafi da shi ya duba min.

A mota muka fara gardama, kuma ita ce abin da na fi so a yinin nan. Shi so yake in bi hanyarsa: zafin nama da asiri, katana biyu, a yi ta yanka har jinin bos ya fashe. Hujjarsa mai ƙarfi ce, don zubar jini idan ya cika yana cire wani kaso na ran abokin gaba gaba ɗaya, shi ya sa manyan bos suke narkewa a gabansa. Na yarda da wannan. Amma irin wannan faɗan na mai saurin yatsa ne, wanda zai mirgina ta cikin sara uku a jere ya fito a bayan maƙiyi. Ni kwana shida a mako hannuna na kan sufana da bututun jan ƙarfe, babban yatsana na dama yakan yi tsami da daddare. Na gwada wasa irin nasa wata biyu, zanen aro ne, bai rufe min katara ba. Abin da na iya shi ne jira. Ina iya tsayawa in kalli kafaɗar maƙiyi har in gane lokacin da saran zai sauka. Na ce masa garkuwata zan koma wa. Ya ce garkuwa wasan tsofaffi ne. Na ce to a bar tsoho da kayansa, ya yi dariya ya ce shi dai sharaɗinsa ɗaya, rai ya kai 40.

A bayan wata tsohuwar fatura muka yi lissafin. Maki 159 ne gaba ɗaya a mataki na 80, kuma ba a iya sauka ƙasa da abin da Vagabond ya zo da shi. Rai 40, wanda ke ɗaga jini daga 800 zuwa 1450. Wannan lambar ta girgiza ni, kusan ninki biyu, alhali na yi ta zuba maki a wuraren da ba na amfani da su ko sau ɗaya a faɗa. Juriya 25, saboda duk saran da garkuwa ta tare daga numfashinka ake cira, kuma juriyar ce ke ƙara nauyin da za ka iya ɗauka. Hankali 12 kawai. Zafin nama ya koma 13, daidai abin da babban takobin Claymore ke nema. Basira da imani 9, asiri 7, kamar ranar farko. Ragowar duka, 44, muka juye a ƙarfi. Taura biyu ba ta taunuwa, ni kuwa biyar na cusa a baki.

Sauya gini, wato sake raba makin, sai a wurin sarauniya Rennala, a ɗakin littattafai na Raya Lucaria, kuma sai ka ba ta wani abu da ake kira Larval Tear guda. Biyu gare ni. Ban taɓa tsayawa na dube ta da kyau ba sai yau: tana zaune a ƙasa cikin tarin littattafai, ta rungume ƙwan nan mai ruwan zuma tana shafa shi, muryarta ƙasa-ƙasa kamar mai rarrashin jariri. Na daɗe yatsana na kan maɓalli kafin in tabbatar. Moonveil ɗin nan na sha wuya kafin in same ta a ramin Gael, ga duwatsun da na kashe mata. Na danna.

Claymore tana cikin akwatina tun daga Castle Morne, ko ɗaga ta ban yi ba. Muka kai ta wurin maƙerin nan Hewg. Duwatsun wasa makami na ɗaya zuwa na huɗu ana sayensu a wurin wasu tagwayen tsofaffi 'yan kasuwa idan ka kai musu ƙararrawar ramukan haƙa guda biyu, kowane aji dutse 12 ne yake ci, mataki uku yake hawa. Da saye muka kai ta +12, da abin da ke jaka ta kai +14. Muka mayar da ita mai nauyi, yadda ƙarfi kaɗai zai riƙa ƙara mata kaifi. Garkuwa kuwa Brass Shield, wadda sojojin Godrick ke yarwa, tana tare saran ƙarfe ɗari bisa ɗari. Na rataya layar da ke ƙara ƙarfin ramuwa bayan tarewa, da ta kunkuru mai saurin dawo da numfashi, da wadda ke rage zafin hasken nan na zinariya, tunda rabin makaman Morgott da shi yake ƙera su, kuma yana ratsa garkuwa.

Ina shirin fita yaron ya ce, "Tsaya Kawu, mirgina in gani." Na mirgina, mutumin ya faɗi tim kamar buhun siminti, ya daɗe bai miƙe ba. Ya buɗe shafin kaya ya nuna min da yatsa: nauyina ya haura kashi 70 cikin ɗari da ɗan kaɗan. Ashe baka da wata wuƙa da na bari a gurbin hannu suna cikin lissafi ko ban riƙe su ba. Ya cire su, nauyi ya sauko matsakaici, mirginawa ta dawo daidai. Ban san tun yaushe nake yawo da wannan ba, wataƙila wasu daga cikin faɗuwa 31 ɗin nan daga nan suke. Gorunan magani ma ya gyara min, goma ja na jini, ɗaya shuɗiya ta ƙarfin sihiri, maimakon huɗun da nake ɓatawa a shuɗi.

Muka yi la'asar, muka dawo. Na fara gwaji da jaruman Leyndell masu mashi, waɗanda a da nake gudunsu. Tare, ka ji ƙarar ƙarfe, ka danna babban sara nan take. Biyu ko uku sai ka ji wani sauti mai nauyi, ya durƙusa, ka soke shi. Hannuna ya tuna abinsa tun kafin kaina ya tuna.

Shiga ta farko wurin Morgott na mutu, amma na kai shi rabi, abin da sau biyu kawai na taɓa yi. Laifina ne, na bar garkuwa a sama ko da ba ya sara, kuma numfashi ba ya dawowa da sauri idan tana ɗage. Ya jero min sara biyar, na shida ya fasa tsarona. Yaron ya ce, "Sauke ta, Kawu, sauke ta ka sha iska, sai ya ɗaga hannu ka mayar." Wannan kalma ita ce faɗan gaba ɗaya. A ta biyu da ta uku na koyi abin da ba a tarewa. Gudumar haske idan ya ɗaga ta yakan riƙe ta a sama ya jinkirta, yana jiran ka mirgina da wuri, kuma ko ka tare ta za ta cinye numfashinka. Ita mirginawa ake yi, a makare, zuwa gefensa. Ruwan takubban da yake saukarwa daga sama kuwa ja da baya ne kawai. Saran takobinsa na gaskiya, wannan nawa ne, amma sai na ƙirga na tabbata jerin ya ƙare kafin in rama, don ramuwa a tsakiyar jeri kai take komawa.

Sai yaron ya tuna min da sarƙar Margit, wadda na saya 5,000 a hannun wani ɗan kasuwa Patches tun farkon wasa na manta da ita. Tunda Margit ɗin nan da ya tare ƙofar Stormveil shi ne Morgott, tana kama shi, sau biyu, kafin ya sauya yanayi. Ya kuma ce in kira Melina, mai yi min jagora a wasan, ta taya ni faɗa, alamarta na bakin ƙofa. Sarƙar na karɓa, Melina na ce a bari tukuna. Ba don ina ganin kiran taimako aibi ba ne, wasan ne da kansa ya ajiye shi. So nake in san ko lissafin bayan faturar nan zai tsaya da ƙafarsa.

Shiga ta biyar ce. Sarƙa ta danne shi ƙasa, na sauke masa sara mai caji biyu. Ya tashi, na tare, na rama, na tare, na rama, ya durƙusa, na soke shi. Da jininsa ya kusa rabi ya duƙa yana tari, na san fashewar na zuwa, na ruga baya. Fili ya cika da ruwan nan mai tafasa yana tsiri nan da can. A nan nake mutuwa duk lokacin da na kai nan, don sara biyu ke gama ni. Yau ya same ni sau biyu a jere na ga jan layin nan da saura, na ja gefe na sha gora. Gora uku suka rage lokacin da jininsa ya koma ɗan siriri kamar zare. Yaron ya miƙe tsaye yana "Sare shi! Sare shi!" Ban sara ba. Kwaɗayin sara ɗaya ya kashe ni ya fi a ƙirga a makon nan. Na jira ya ƙare jerinsa, ƙarfe ya yi ƙara a garkuwa, na rama. Ana kiran magariba a masallacin bayanmu rubutun nasara ya fito. Tafin hannuna sharkaf da gumi duk da mukayyif na aiki.

Bayan mun dawo daga sallah na ƙarasa wurinsa. Yana kwance a bayan kujerun sarauta, ya motse ya zama ɗan tsoho, ƙahonnin da girman duk sun tafi, yana magana da ƙyar. Mutumin da aka jefa a ramin ƙarƙashin birni tun yana jariri saboda halittarsa, shi ne ya tsaya yana gadin birnin da ya ƙi shi. Na ji tausayinsa har cikin raina. Ƙofar babbar bishiyar da yake gadi kuma ƙaya ta toshe ta, Melina ta ba ni lambar hawa zuwa duwatsun ƙanƙara. Kuɗin da ya bari 120,000, na zuba abin da suka saya a juriya.

A hanyar mayar da yaron na tsaya na saya masa siriya, tsiren gidanmu ne da ƙuli-ƙulinsa, suna kawai ya sauya a bakin mutanen Hijaz. Yana ci yana gaya min garkuwata ba za ta yi aiki a kan Malenia, wata bos da ke can gaba, ba, wai ko ka tare saranta jininta ƙaruwa yake yi. Na ce da sauran tafiya kafin can, kuma Larval Tear ɗaya na nan a jaka. Yaya ta zubo min sauran shinkafa a kula. Gobe ƙarfe bakwai akwai mukayyif uku da ke jirana a wani gida a Obhur.