Yau ma Auta ta rufe ni a WhatsApp

Talata da dare.

Tun jiya ba a kawo wuta ba, wayata ta mutu, sai da na isa wajen aiki na jona ta. Tana kawowa saƙonnin Auta suka dinga shigowa, na farko "Yaya ina kwana", na gaba "lafiya kuwa?", can ƙasa kuma "dama na san kin gaji da ni, kowa ma ya gaji da ni, ba zan ƙara damunki ba". Kafin in gama rubuta amsa har ta yi bulokin ɗina. Yarinyar da shekaranjiya take rantsuwa duk duniya ba ta da kamar ni.

Hajiya har yanzu cewa take iska ce a nemo mai ruƙiyya, Kawu kuma ya ce sangarta ce kawai ta 'yar auta. Ni dai tun da likitan ƙwaƙwalwa ya zaunar da mu ya ce BPD ne, wata lalurar ƙwaƙwalwa da ke hana mutum iya sarrafa motsin zuciyarsa, ya lissafo alamomi 9 ya ce in mutum yana da 5 to ya shiga ciki, wallahi sai na ji kamar tarihinta yake karanta mana, tsoron kada a guje ta, yau ta ɗauke ka ta kai sama gobe ka zama maƙiyi, fushin da ba ta iya riƙewa, ga jin cikinta fanko ne. Haka ta rabu da aminiyarta tun ta sakandare, don kawai ta ga hoton kamu ba a kira ta ba.

Da na tashi sai na biya gida, na riƙo mata awara. Na same ta a ɗaki a duhu, ga zafin nan amma ta sa riga mai dogon hannu, gabana ya faɗi, na kama hannun na naɗe a hankali. Alhamdulillahi tsofaffin tabon raunin da ta taɓa ji wa kanta ne kawai. Ban yi mata musu ba, cewa na yi na san kin tsorata da kika ji ni shiru, caji ne ya ƙare, amma fa ba kullum zan iya ɗaga waya a wajen aiki ba, bayan isha'i kuwa ko me ake ciki zan kira ki. Ta yi kuka sosai tana ba ni haƙuri, wannan kunyar da ke biyo bayan fushin ta fi komai ba ni tausayi.

Likitan ya ce ƙwaya ba ta warkar da shi, zama da ƙwararre ne magani, irin wanda ake kira DBT da wata Ba'amurkiya Marsha Linehan ta ɓullo da shi, ita kanta a 2011 ta fito ta faɗa wa duniya ta sha irin wannan wahalar tana budurwa. Kuma ya ce yawancinsu abin yana lafawa da shekaru.

Jibi za mu koma asibiti, so nake Hajiya ta bi mu ta ji da kunnenta, addu'a ai ba ta hana ganin likita. Gobe da safe zan tuntuɓe ta kafin Kawu ya shigo.