Dafin aro a ƙarƙashin teku

Jiya na kalli bidiyon wani dodon koɗin teku marar ɓawo, ja wur, yana iyo kamar mai rawa. Sunansa a kimiyyance Hexabranchus sanguineus. Jikinsa laushi tuɓus, ba ƙaya ba ƙashi, amma kifaye na wuce shi ba sa taɓawa.

Da na bincika dalili sai jikina ya yi sanyi. Ashe dafi gare shi, amma ba shi ke haɗa dafin ba. Akwai soson teku, wata dabbar ruwa mai kama da soso da ke manne da dutse, ba ya iya gudu, don haka yake tara sinadarai masu guba a jikinsa. Shi kuma dodon koɗin sai ya ci soson, gubar ba ta kashe shi, ya adana ta a fatarsa. Abin da ya fi taɓa ni, har cikin ƙwansa yake zuba ta. Yakan nannaɗe ƙwan a kan dutse ya tafi abinsa, gubar ce ke gadinsu har su ƙyanƙyashe.

Jama'a, idan gurɓatar ruwa ta kashe soson nan, abinci da kariya duka wannan halitta ta rasa. Wallahi abin na damuna.