Yadda Kano ta faɗa hannun Nasara: badala ta tsaya, ƙyaure ne ya ci amana

Mutane da yawa in ana hirar shigowar Turawa Kano sai ka ji sun ce igwa ce ta rushe badala. Ba haka aka yi ba. Ran 3 ga Fabrairu 1903 igwar Turawa ta yi ta dukan ganuwar Kano, ganuwa ba ta motsa ba. Inda aka samu ɓaraka shi ne ƙyauren ƙofa, kuma bambancin nan shi ne ke fayyace yadda birni irin Kano ya faɗi cikin wuni guda.

Dalilin da Gwamna Lugga ya kafa na kai wa Kano yaƙi shi ne kisan Kyaftin Moloney a Keffi cikin Oktoba 1902. Magajin Keffi Ɗan Yamusa ne ya kashe shi, ya gudo Kano, Sarki Alu ya karɓe shi hannu bibbiyu. Amma tun 1 ga Janairu 1900 Ingila ta riga ta shelanta cewa Arewa tata ce, alhali ba ta taka Kano ko Sakkwato ba, ga Faransa kuma tana matsowa ta wajen Damagaram. Da Magaji bai zo Kano ba, da an nemi wani dalilin.

Rundunar da ta taso daga Zariya ran 29 ga Janairu ƙarƙashin Kanar Morland ba ta da wani yawa. Turawan cikinta ba su kai 40 ba. Sojojin baƙar fata 700 ne da ɗoriya, mafi yawansu dakaru, kusan 100 a kan dawaki, kuma abin da ke da ciwo shi ne yawancinsu Hausawa ne da Yarbawa. Suna ɗauke da igwa 4 masu baki milimita 75, irin wadda ake warwarewa gunduwa-gunduwa 'yan dako su ɗauka a ka, sai bindiga mai jigida ta Maxim guda 4. Ita Maxim jigidarta ɗaya harsashi 250 ce, tana iya ɓarin wajen 500 a minti guda, ana zuba mata ruwa a kewayen bututu don kada ta yi zafi ta cije. A Bebeji aka fara gwada su ran 1 ga Fabrairu. Mutanen garin suka ƙi buɗe ƙofa, aka harba igwa ta tarwatsa ƙyauren, ta kashe sarkin garin da mutanen da ke tsaye bayan ƙofar. Darasin Kano ke nan tun kwana biyu kafin a iso ta.

Ita kuwa badalar Kano ba abin wasa ba ce. Tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa, na baya suka ƙara. Lugga da kansa ya ƙiyasta kewayenta mil 11, tsayinta ƙafa 30 zuwa 50, kaurinta a gindi ƙafa 40, da ƙofofi 13. A waje ga gwalalo mai zurfi, ga sarƙaƙiyar ƙaya. Daga ciki akwai tudun da maharba ke tsayawa, da 'yan kafofi a jikin bangon da ake zura bakin bindiga. Sarki Alu ya sa an yi mata gyara sosai, domin ya san abin da ke tafe.

Abin da ya sa igwa ta kasa ta shi ne ƙasa ce. Harsashin da aka saba harbawa da irin wannan igwa wajen kilo 6 ne kawai. In ya daki dutse sai ya tsaga shi, amma in ya daki tarin jan ƙasa mai kaurin nan sai ya nutse ya fashe a ciki, ƙura ta tashi, ya bar ɗan rami kamar na gafiya. Magina na da ba su yi lissafin igwa ba, amma abin da suka gina ya fi ƙarfinta.

Ƙofar da Morland ya fara fuskanta ita ce Dukawuya, wadda ke kan hanyar tsohuwar harabar Jami'ar Bayero. An gina ta ne a lungu, bango ya lanƙwaso ya rufa mata, ta yadda ba ka ganin ƙyauren daga nesa balle ka saita shi. In kana so ka gan shi sai ka matso cikin lungun, inda masu baka da 'yan bindiga za su same ka ta hagu da dama. Aka yi ta harbi ba a samu komai ba. Sai Morland ya janye, ya bi gefen ganuwa zuwa Kabuga. Ita ba ta da wannan lanƙwasar, ƙyaurenta yana kallon fili. Ƙyauren ƙofar birni kuwa, komai ƙarfin itacensa da kirgin da aka lulluɓe shi da shi, an yi shi ne don ya tare mashi da gatari da wuta. Aka kafa igwa daga inda kibiya ba ta isowa, aka fasa shi, masu jigida suka hana kowa ɗaga kai a kan badala, wasu sojoji suka kutsa ta ɓarakar. Da waɗanda ke kan ganuwa suka ga abokan gaba a bayansu, sahu ya watse.

A nan aka fi asarar rai. Waɗanda suka fita ta wasu ƙofofin sun ci karo da mahayan Turawa da suka zagayo ta waje. Lissafin Turawa ya ce an kashe Kanawa kusan 300, su kuwa ba su rasa ko mutum guda ba, sai 14 da suka ji rauni.

Kada wani ya ɗauki wannan lissafi a matsayin ragwantaka. Tazara ce. Kibiya mai dafi tana kisa, amma sai an kusanto. Bindigar toka ta baki ake ɗura ta: a zuba albarushi, a tura tsumma, a saka dalma, a danna da sanda, kafin ka gama sojan Turawa ya harba sau da yawa daga nesan da taka ba ta kaiwa. Lifidi da sulke da kwalkwali da garkuwar fata suna tare mashi da takobi, harsashi kuwa ratsa su yake.

Sai babbar matsalar, wadda a ganina ta fi ta makami: Sarki ba ya gari. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu a Oktoba 1902, aka naɗa Muhammadu Attahiru, sai Alu ya tafi Sakkwato mubaya'a a farkon Janairu tare da manyan hakimansa da barade wajen 2,000. Ya bar gari hannun bayin sarki, Sarkin Shanu da Sallama. Ganuwa mai tsawon mil 11 tana son jama'a da mai ba da umarni wanda zai kwashe mutane daga wannan ƙofa zuwa waccan da zarar abokin gaba ya sauya wuri. Ga kuma tabon basasar Yusufawa da Tukurawa ta 1893 zuwa 1895 bai gama warkewa ba. Duk da haka Sarkin Shanu bai gudu ba. Ya ja da baya zuwa Gidan Rumfa da 'yan mutanen da suka rage masa, ya tsaya ya yi yaƙi har aka kashe shi a nan. Allah Ya jiƙansa, sunansa ya cancanci a riƙa ambatonsa fiye da yadda ake yi.

Baraden Kano ba su gwabza ba sai a ƙarshen Fabrairu, a kan hanyarsu ta dawowa. Labarin faɗuwar birni ya riske su, Alu ya sulale da dare ya yi arewa, rundunar ta rabu biyu. Wambai Abbas ya ja nasa ya nufo Kano don sulhu. Waziri Ahmadu ya zaɓi yaƙi. Kusa da Kwatarkwashi suka yi kiciɓis da Laftanar Wallace Wright da mutum 45 kacal. Sojojin suka sauka daga dawaki suka yi sahu mai kusurwa huɗu, kowa ya ba ɗan'uwansa baya, bindigogi na kallon kowace fuska. Dabarar barade ita ce sukuwa ɗaya mai ƙarfi da za ta fasa sahu, sannan takobi ya yi aikinsa. Sahun da ba shi da baya ba shi da inda za a zagaye shi, kuma dokin da ya faɗi a gaba shi ke tuntuɓe na bayansa. Sun yi ta kawo hari na kusan awa biyu, har wasu suka isa bakin bindiga, amma sahun bai fashe ba. A wannan gumurzu na Kwatarkwashi Waziri ya kwanta dama, shi ya sa har yau ake ce masa Mai Shahada. Ingila ta ba Wright lambar yabonta mafi girma ta yaƙi saboda wannan rana.

Sakkwato ta faɗi ran 15 ga Maris. A Afrilu Lugga ya naɗa Abbas Sarkin Kano, ya yi mulki har 1919. An kama Alu a ƙasar Gobir, aka kai shi Yola, daga nan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Magajin Keffi kuwa ya bi Sarkin Musulmi Attahiru gabas, suka faɗi tare a Burmi ran 27 ga Yuli 1903.