Tsakanin Caji Ofis da Asibitin Ƙwaƙwalwa

A watan Oktoba na 2019, 'yan sanda sun kai samame wani gidan mari a Daura, inda suka fito da mutane da dama, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Rufe gidan ya dace. Sai dai har yau ina tunanin iyayen da suka kai 'ya'yansu can, domin da yawansu ba mugunta ce ta kai su ba; yaro ne ya faɗa shan kodin ko tiramadol, ko ya samu taɓin hankali, har ya fi ƙarfin gida.

Irin wannan uba, idan ɗansa ya ɓalle ƙofa ko ya ɗaga wa mahaifiyarsa hannu, caji ofis yake nufa, saboda nan ne kaɗai ya san za a saurare shi cikin dare. Yaron ya kwana a bayan kanta, a gurfanar da shi, alƙali kuma, da yake babu rahoton likita a gabansa, ya tura shi gidan gyaran hali jiran shari'a. A can maganin da yake sha, in ma yana sha, ya yanke, ciwon ya ƙara tsananta, ranar da aka sallame shi kuwa ya koma unguwar da ya baro ba tare da takardar asibiti ba.

Doka ta riga ta buɗe hanya. Dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 ta tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba, sannan a Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958. Abin da ya rage, a ganina, shi ne ma'aikatan ɓangarorin biyu, wato na tsaro da shari'a da kuma na lafiya, su san juna, kuma wannan bai buƙatar sabon gini. Ya kamata kowane babban jami'in caji ofis a Katsina da Daura ya kasance yana da lambar likita ko ma'aikacin jinya da zai kira, alƙali ya nemi a duba wanda alamunsa suka nuna rashin lafiya kafin ya tsare shi, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ta riƙa bambance mai sayarwa da mai sha. Wanda aka sallama kuma a haɗa shi da maganin wata guda da ranar ganin likita a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, a kuma sanar da danginsa wannan rana.