Katin waya ko asusun banki: abin da na koya daga sayar da littattafan ƙanwata

Shekara biyu ke nan da ƙanwata ta ɗora mini nauyin karɓar kuɗin littattafan da take rubutawa tana sayarwa a WhatsApp. Ita nata rubutu ne, ni kuma nawa shi ne in tabbatar cewa duk wadda aka saka a zauren masu karatu ta biya naira 500 da aka yanka wa littafin. Ranar da ta kawo mini maganar cewa ta yi, "Yaya, kai ka san lissafi, ni kam kaina ya ɗaure." Da na karɓi wayarta na duba sai na ga dalili, domin saƙonni ne jibge, wasu hotunan katin waya da aka kankare, wasu kuma hotunan shaidar tura kuɗi ta banki, kuma ita kanta ba ta san wane kati ta loda ba, wane ne ya rage. A cikin warware wannan ruɗani ne na gane cewa hanyoyin biyu, ko da yake adadi ɗaya ake rubutawa a kansu, ba kuɗi iri ɗaya suke kawo wa mai sayarwa ba.

Biya da kuɗin waya ya girmi duk wata hanyar biyan kuɗi ta intanet a wurin talakan Najeriya. Tun bayan da wayar salula ta shigo a 2001, abu na farko marar jiki da yawancinmu muka fara saye shi ne waƙar da mai kira zai ji kafin a ɗaga, ko saƙon sakamakon ƙwallo, ko tunatarwar addini da ke shigowa kowace safiya. Ba a tambayar mutum lambar BVN, ba a tambayarsa katin banki, iyaka ya danna lamba ɗaya a cire daga kuɗin da ya loda. Wannan sauƙi ba ƙaramin abu ba ne a ƙauyen da reshen banki mafi kusa yake hedikwatar ƙaramar hukuma, alhali mai sayar da kati yana bakin kasuwa a ƙarƙashin lema.

Sai dai sauƙin nan yana da tsada, kuma mai sayar da hajar ne ke fara ɗanɗana ta. Idan ta hanyar kamfanin layi aka biya, kamfanin ne mai layin, shi ne mai karɓar kuɗin, shi ne kuma mai riƙe da lissafin, saboda haka yakan ɗauki kaso mai tsoka kafin ɗan tsakiya ya ɗauki nasa, sannan abin da ya rage ya isa ga wanda ya yi wahalar. Mai saye kuma nasa ƙalubalen daban ne. Na taɓa lura cewa duk lokacin da na saka wa mahaifiyarmu kati, kafin kwana uku sai ta ce, "Ɗan nan, kuɗin da ka saka mini sun ƙare, ni kuwa ban kira kowa ba." Da na bincika sai na tarar an saka layinta cikin wani tsari da yake sabunta kansa kullum, wataƙila ta danna wani abu ne a lokacin da take ƙoƙarin kashe wani saƙo da ya fito mata. Irin wannan koke ne ya sa hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, wato NCC, ta fito da lambar 2442 a 2016 domin mutum ya toshe saƙonnin tallan da bai nema ba, kuma tana da lambar 622 ta kai ƙara kyauta. Na yi amfani da ta farkon, cirar ta tsaya bayan na soke tsarin, amma abin da aka riga aka ci bai dawo ba, kuma ban ga wanda zan riƙe a kan naira ashirin ashirin ba.

Abin da masu karatun ƙanwata suke yi ba ma wannan tsari na hukuma ba ne. Su kati suke saye, su kankare, su turo hoton lambobin, ko kuma su yi tiransifa daga layinsu zuwa nata. A nan babu kamfanin da zai ɗauki kaso a fili, shi ya sa da farko muka ɗauka riba ce tsantsa. Ashe ba haka ba ne. Kuɗin waya ba sa sayen shinkafa, ba sa biyan kuɗin makaranta, kuma mutum ɗaya ba zai iya cinye na dubu arba'in a kira ba ko da surutu ne sana'arsa. Dole a nemi mai saye ya mayar da su tsabar kuɗi, shi kuma ba zai karɓa a kan farashinsu ba. Wanda muke kai wa yakan ba mu naira 800 a kan kowace 1,000, wata rana ma ƙasa da haka idan ya ce kuɗin wannan layin sun yi masa yawa. Ke nan littafin naira 500 ya koma na 400 tun kafin a cire kuɗin data da aka ƙona wajen turawa. Ga kuma masu turo katin da aka riga aka loda, waɗanda idan ka yi magana sai su rantse cewa sabo ne, kai kuma ba ka da hujjar da za ka nuna.

Da wannan ya ishe ni sai na koma nazarin kamfanonin da ke karɓar kuɗi a madadin mai sayarwa ta intanet. Interswitch ne ya buɗe wannan fage a 2002, daga baya Paystack ya zo a 2015, Flutterwave a 2016, kuma darajar wannan sana'a ta fito fili a 2020 lokacin da kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack a kan sama da dala miliyan 200. Aikinsu a taƙaice shi ne su tsaya tsakanin bankin mai saye da na mai sayarwa: a buɗe wa haja shafin biya, mai saye ya zaɓi kati ko tiransifa ko lambar USSD, wato irin wadda ake dannawa a waya da * da #, kamfanin ya tabbatar kuɗin sun shigo, sannan ya zuba su a asusun mai haja, galibi washegari idan ranar aiki ce. Lokacin da na duba, Paystack yana cire kashi 1.5 cikin 100 da ƙarin naira 100, kuma yana yafe naira ɗarin idan cinikin bai kai 2,500 ba. A kan littafin naira 500 abin da zai tafi shi ne naira bakwai da rabi. Wanda ya saba asarar naira ɗari a kan kowane littafi ba ya buƙatar dogon wa'azi a nan.

Abin da ya fi ragin kuɗin burge ni shi ne lissafi. Kowace biya tana zuwa da suna da lokaci da lambar shaida, saboda haka hoton alat na bogi ya daina aiki a kanmu, kuma idan an cire wa mutum kuɗi sau biyu akwai inda za a bi a dawo masa da su, ko da za a sha jira.

Duk da haka ban iya rufe ƙofar kati ba, kuma dalilin ya fi ƙarfin lissafi. Yawancin masu karanta littattafan nan mata ne, da yawansu matan aure da 'yan mata da ba su da asusun kansu. Wata ta gaya wa ƙanwata cewa asusun maigidanta kaɗai ne a gidan, kuma ba za ta iya roƙonsa ya tura kuɗin littafin soyayya ba, amma idan ta aiki yaro ya sayo kati babu mai tambaya. Wasu suna da asusun, amma ko kusa ba za su rubuta lambar katinsu a wani shafi ba, kuma ban ga laifinsu ba idan aka duba yawan waɗanda 'yan damfara suka kwashe wa kuɗi bayan sun karɓi lambar sirri ta waya. Masu karatu na Nijar kuwa matsalarsu ta daban ce, domin katin layin Najeriya ba ya shiga layinsu, nasu ma ba ya shiga namu, kuɗinsu kuma sefa ne. Su sai dai su bi ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita zuwa hannun wata amintacciya a Maraɗi, ita kuma ta tara ta aiko.

Abin da ya fi sauya al'amarin ba dabarata ba ce, ƙarancin takardun naira ne na farkon 2023, wanda ya tilasta wa mutane da yawa buɗe asusu a OPay da PalmPay da Moniepoint, ya kuma sa mai POS ya zama kamar reshen banki a kowane lungu. Yanzu wadda ba ta da asusu takan ba yaro naira 500 da ɗan ladan mai POS, a tura mana kai tsaye. Kamfanonin layin su ma sun ga inda iska ta dosa, tunda a 2022 MTN ya buɗe MoMo, Airtel ya buɗe SmartCash, dukansu da lasisin Babban Bankin Najeriya, kuma abin da ke cikin waɗannan asusun naira ce ta gaske da za a iya cira, ba kuɗin kira ba. Wani abin ban dariya shi ne, ko mai biya ta banki bai rabu da kuɗin waya gaba ɗaya ba, domin tun 2025 naira 6.98 ta amfani da USSD daga katin da ya loda ake cire ta.

A ƙarshe abin da muka tsayar shi ne farashi biyu: naira 500 ga mai biya ta banki, 600 ga mai turo kati, kuma ba a saka kowa a zaure sai na loda katin da hannuna na ga ya shiga. Ƙanwata ta so ta ƙi, tana cewa, "Yaya, ai waɗanda ba su da shi ne za mu ƙara wa." Gaskiya ta faɗa, kuma har yau maganar tana damuna, amma na nuna mata cewa ko a kan 600 ɗin abin da ke zuwa hannunta 480 ne. A littafinta na baya-bayan nan masu turo kati sun ragu ƙwarai, sai dai akwai wata baiwar Allah da tun littafin farko kati take turowa, yanzu ma takan turo na naira 200 sau uku, a ranaku uku daban-daban, kuma nakan ajiye mata gurbinta har na ukun ya iso.