Asabar: daga musun Luffy zuwa tsakar gidan Gwaggo

Ban yi niyyar fita yau ba. Umma ce ta kira tun da sassafe ta ce in kai wa autarmu garin kunu da yaji da soyayyen nama makaranta, jami'ar ABU da ke Samaru, wai ta ji muryarta a waya kamar ta rame. Ramar da ake ji a murya dai sai uwa. Na hau keke daga Tudun Wada zuwa PZ, daga nan na shiga motar Samaru. Hazo ya rufe Kwangila, gada ma da ƙyar ake hango ta, kowa a motar ya naɗe hanci da gyale ko rawani.

Ban same ta a ɗaki ba. Suna can gindin bishiyoyin da ke kusa da laburaren Kashim Ibrahim, ita da ƙanenmu mai karatun injiniya da abokansa biyu da wata ƙawarta da ta zo daga harabar jami'ar da ke Kongo, 'yar ajin lauya. Sun kewaye kwamfuta ɗaya, murya ta yi sama. Tun daga nesa na zaci zancen siyasa ne ko ƙwallo. Ashe a kan Luffy ake neman ba hammata iska.

"Yawwa Yaya, zo ki raba mu," in ji ƙanena, ko ledar hannuna bai karɓa ba.

Ga wanda bai sani ba, Luffy shi ne jarumin One Piece, labarin zane na Japan da Eiichiro Oda ya fara a 1997, har yau bai ƙare ba, babi ya haura dubu. Yaro ne mai jikin roba da hular kaba, burinsa ya zama sarkin 'yan fashin teku, kuma in ba nama da abokansa ba babu abin da ke gabansa. A cikin labarin akwai wata sarauniya, Boa Hancock, wadda kyawunta ne makaminta: duk wanda ya dube ta zuciyarsa ta motsa, namiji ko mace, tana iya mayar da shi dutse. Ta gwada a kan Luffy, ko a jikinsa. Ƙarshe ita ce ta kamu da sonsa har da kwanciya ciwo, shi kuwa ya gode mata da abinci ya ce ba zai aure ta ba.

Ƙanena ya dage cewa a ƙarshe sai ya aure ta. Hujjarsa wai haka ake yi a sauran labaran zanen Japan: Naruto ya auri Hinata, Goku ma da ya zaci aure wani abin ci ne ya ƙare da mata da 'ya'ya. Abokinsa mai gilashi ya ce ina, Nami, abokiyar tafiyarsa a jirgi, ce matar, ya kawo wurin wankan ƙasar Alabasta ta cikin labarin inda Luffy ya leƙa har ya yi haɓo. 'Yar Kongo ta ce ya ƙarasa zancen mana, ai masu karatu sun tambayi Oda wannan, ya ce zama kusa da abokinsa Usopp ne ke jan Luffy ga irin wannan shirme, in shi kaɗai ne ba ya yi. Ita matsayinta ɗaya: yaron nan ba shi da wannan sha'awar, ba ya neman kowa, a ƙyale shi da namansa.

Nan ne na huɗunsu, wanda tun zuwana bai ce uffan ba, ya yi tsaki ya ce, "To ku fito fili ku ce ɗan luwaɗi ne mana. Duk wannan aƙidar Turawa ce kuke shigo mana da ita ta bayan gida."

Yarinyar ta ajiye wayarta. Ta ce, "Malam, don Allah yi min lissafin nan a hankali. Mutum bai son mace, bai son namiji, bai son kowa ta wannan fuskar. Ta ina ka ɓullo da namiji?" Ya ce ai duk tafiyarsu ɗaya, tuta ɗaya suke ɗagawa. Ta ce ba a tuta take tambaya ba, a kan abin da aka zana a takarda take tambaya. Ƙanena, don ya ƙara wa wutar fetur, ya ce ai a intanet akwai dubban masu haɗa Luffy soyayya da Zoro, abokinsa namiji mai takobi, har zane suke yi. Sai wancan ya ce kun gani ko. Ita kuma ta ce su ma ai laifinsu ɗaya da naka.

Wannan maganar tata ce ta tsaya min a rai duk yinin. Masu haɗa shi da Hancock da masu haɗa shi da Zoro suna ganin kansu abokan gaba, har zagi da tsinuwa, amma sun yi tarayya a abu guda: ba wanda ya yarda a bar mutum haka nan. Dole akwai wanda yake so a ɓoye, aikin mai kallo ya tono.

Ta ba su labarin Jughead, wani ɗan wasan barkwancin zane na Amurka da ya fara fitowa tun 1941, wanda aka sani da son cin burger da gudun 'yan mata. A 2016 mawallafan suka fito ƙarara a cikin labarin suka ce marar sha'awa ne. Shekara na zagayowa aka fara shirin talabijin na Riverdale, aka ɗauko shi aka haɗa shi soyayya da Betty, masu irin halinsa da suka yi murna suka koma ƙorafi. Ni kuma na tuna musu da Sherlock Holmes, mai binciken laifin nan na littafi, wanda Conan Doyle ya ƙirƙira a 1887 ya kuma bayyana shi a matsayin mutumin da soyayya ba ta da gurbi a kansa. Fim ɗin 2009 ya manna masa Irene Adler, masu kallon shirin BBC na 2010 kuma suka shekara da shekaru suna jiran ranar da zai furta wa abokinsa Watson soyayya. Mai gilashi ya ce to ai labari ba soyayya lami ne. Na ce shekara nawa ka yi kana bin One Piece ba tare da ita ba? Ya sosa ƙeya.

Gaskiya mu ma bai kamata mu yi wa Turawa dariya ba. Duk mai karanta littattafanmu na waya ta san miskilin namijin nan: kyakkyawa, mai kuɗi, ba ya dariya, mata na binsa yana korarsu, mahaifiyarsa ta yi kuka ta gaji. Tun shafin farko kin san ba za a bar shi haka ba. Wata 'yar aiki ko 'yar ƙauye za ta zubar masa da shayi a riga, kafin babi na talatin ya zama shi ke rarrashi. In marubuciyar ta so ta ƙara gishiri sai ta ce kishiyar uwa ce ta yi masa asiri, ko aljana ta aure shi. Rashin sha'awa a wurinmu kullum kulle ne da ke jiran mabuɗi. Ina karanta su, ina jin daɗinsu, ba zan yi ƙarya ba. Amma a duk waɗanda suka ratsa wayata, miskilin bai taɓa kai shafin ƙarshe yana yadda yake, lafiya lau, ba tare da an yi masa magani ba.

Da na raka auta ɗakinsu a gidan kwanan ɗalibai mata na Amina sai abin ya ba ni dariya. Ga sunan a jikin gini. Sarauniyar da muke alfahari da ita, 'yar Bakwa Turunku, wadda Tarihin Kano ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nupe, har Sarkin Nupe ya aiko mata da bābānni (dandaƙaƙƙun bayi) 40 da goro 10,000. Abin da baka ya riƙe shi ne ta ƙi aure. Amma bakin bai iya yin shiru a nan ba, sai da ya ƙara cewa duk garin da ta ci takan ɗauki namiji ta kwana da shi, da safe a kashe shi. Fim ɗin da aka saka a Netflix a 2021 shi ma sai da ya nemo mata masoyi. Mace ta yi shekaru a kan doki tana gina ganuwa, mu abin da ya dame mu wa ke shiga ɗakinta.

Daga Samaru na wuce cikin gari gaida Gwaggo, ta Ƙofar Doka. Na tarar tana tankaɗe a tsakar gida, gefenta galan na rubutu da ƙullin hayaƙi a leda baƙa. Ban tambaya ba, na san na wane ne.

Ɗanta na fari, wanda duk muke ce wa Yaya, ya haura arba'in. Shi ke biyan kuɗin makarantar marayun gidan, shi ke kai Gwaggo asibiti, sahun farko ba ya wuce shi. Yara na ganinsa za su ruga su rataye a wuyansa. Ya taɓa aure sau ɗaya, da matsin lamba, aka ba shi yarinya mai hankali 'yar mutunci. Bai zage ta ba, bai hana ta komai ba, amma auren bai yi ƙarko ba, ta tafi tana zargin kanta, tana tambayar ƙawaye ko wani abu ne da ita. An sha kayan mata a gidan nan har na ban tausayi. Bayan ta tafi gari ya ɗauka: wasu su ce ba lafiya, wasu su ce aljana, wasu su rage murya su faɗi irin abin da yaron nan ya faɗa da safe. Wannan na ƙarshen ne ke tayar min da hankali, don a garin nan ba ƙaramar magana ba ce. Akwai dokar 2014 mai hana auren jinsi, akwai kotun shari'a, akwai kuma matasan unguwa da ba sa jiran ko ɗaya. A jefi mutum da wannan don kawai ba a gan shi yana zance a ƙofar gidan kowa ba, zalunci ne.

Ya je asibitin Shika an yi gwaje-gwaje, don gaskiya ne ciwon suga ko damuwa ko wasu magunguna kan kashe wa mutum sha'awa, kuma wannan abin zuwa asibiti ne. Amma mai irin wannan yakan san ya rasa wani abu, yana nemansa. Shi Yaya lafiyarsa ƙalau. Ya taɓa ce min, shekarun baya, shi abin da samari ke faɗa tun suna sakandare bai taɓa jinsa ba, ya daɗe yana zaton kowa ma ƙarya yake yi don a ce ya girma. Wani malamin jami'a a Kanada, Anthony Bogaert, ya fitar da bincike a 2004 daga amsoshin mutum sama da 18,000 a Birtaniya, ya samu kusan ɗaya cikin ɗari sun ce ba su taɓa jin sha'awar kowa ba. Na Birtaniya ne, ba na Zazzau ba, amma ban ga dalilin da zai sa Allah ya halicci irinsu a can kaɗai ba.

"Ke da kike koyarwa," in ji Gwaggo, ba ta ɗago daga rariya ba, "ba wata malama mai haƙuri a makarantarku? Ko bazawara ce. So nake in ga ɗansa kafin in kwanta dama."

Na ce, "Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, Gwaggo."

"Ba addu'a na tambaye ki ba."

Ba na ganin laifinta. Tsoronta na gaske ne: wa zai kula da shi in ya tsufa, wa zai yi masa addu'a. Amma kalmar nan "mai haƙuri" ta tsaya min a maƙogwaro, don na san abin da ake so yarinyar mutane ta haƙura da shi, kuma na ga wadda ta gwada.

Shi ya mayar da ni gida bayan la'asar. Muna fita daga lungu ya ce, "Gwaggonki ta ba ki kwangila ko?" Na ce ta bayar. Ya yi dariya ya ce rubutun dai yana sha, ai ayar Allah ce, kuma hankalinta na kwanciya. A Tudun Wada muka wuce mai lasifika yana tallar maganin ƙarfin maza da kalaman da ba sa maimaituwa, Yaya ya ɗaga gilashi ya tambaye ni jarrabawar yara.

Da dare na kwashe duka na faɗa wa maigida. Ya fara da cewa aure sunna ne, na ce ban musa ba, ni da nake cikinsa. Sai shi da kansa ya ƙarasa: malaman fiƙihu ba su ba aure hukunci ɗaya ga kowa ba, yakan zama wajibi ga mai tsoron faɗawa zina, yakan zama makaruhi ko ma haramun ga wanda ya san zai tauye haƙƙin matar. Ya ce aya ta 31 a Suratun Nur ma ta ambaci maza marasa bukatar mata. Ya tashi ya ɗauko wani ɗan littafin Larabci na Shaihu Abdulfattah Abu Gudda, malamin Halab, a kan malaman da suka rayu ba aure: Ɗabari mai tafsiri, Ibn Taimiyya, da Nawawi, wanda Arba'una ɗinsa ba Islamiyyar da ba a haddace ta. Har na fara murna na samu hujja, ya ce in yi a hankali, littafin cewa ya yi sun fifita ilimi a kan aure, bai ce ba su da sha'awa ba, kada in yi musu abin da yaran Samaru ke yi wa ɗan hular kabarsu. Na karɓa. Amma ko a haka, ba wanda ya bi Nawawi da hayaƙi.

Wajen ƙarfe tara Gwaggo ta sa jikarta ta kira ni, wai ko na tuna da wata. Na ce mata in Yaya da bakinsa ya ce in nemo masa, gobe zan fara. Ta ce ai ba zai taɓa cewa ba. Na ce to, Gwaggo. Ta yi shiru, sannan ta ce in turo mata lambar mai ɗinkin da ya yi min atamfar da na sa yau.